A yanke masa wutsiya a sake shi a wat

Hajiyarmu har yau bata daina min tsiya ba akan maganar nan. Duk randa muka yi waya a WhatsApp bayan gaisuwa sai tace "ya yaran naka?" kuma ba yaran mutane take nufi ba don ko auren ban yi ba, karnuka da maguna take nufi. Wai ita dai a saninta karatun noma ta sallame ni in zo in yi a Tailan, bata san akwai digirin kiwon kare ba. Nima wallahi da a da can wani ya ce min wata rana zan ɗauki kwikwiyo da hannuna in sa a keji in ɗaura a bayan mashin, da sai na ce ya je a yi masa ruƙiyya. Ni fa irin yaran nan ne da in kare ya yi ɓatan kai ya shigo layinmu ba tambaya sai ruwan duwatsu, mu bi shi har bakin kwalbati muna ihu, ba don ya mana komai ba.

Inda nake zaune sunansa Patum Tani, arewa da Bankok kaɗan, wajen Rangsit, gari ne na magudanan ruwa da gonakin shinkafa da masana'antu duk a cakuɗe. A bayan ɗakin da nake haya akwai wat. Wat shi ne wurin ibadar 'yan addinin Buda, kuma kar ka ɗauka ɗaki ɗaya ne, fili ne guda a zagaye da katanga, ga ɗakin bautar mai rufin nan mai ƙyalli, ga ɗakunan malamansu masu mayafi ruwan goro, ga rumfar taro, ga wurin ƙona gawa da dogon bututun hayaƙinsa, wasu ma har da firamare a ciki. Akwai irinsu wajen 40,000 a ƙasar, don sama da kashi 90 cikin 100 na mutanen 'yan Buda ne. To hanyar da ta fi min kusa zuwa bakin titi ta cikin wat ɗin nan ta ratsa, kowa nan yake bi, masu mashin da 'yan makaranta da masu talla. Ranar farko da na bi na ƙirga karnuka goma sha bakwai kafin gwiwata ta fara rawa na daina ƙirga, wasu a kwance a ƙarƙashin mota wasu akan matakala, wani ja mai kunne ɗaya ya ɗago kai ya kalle ni ya mayar. Wata biyu cur ina zagayawa ta can nesa cikin ranar nan tasu mai gumi, gara in makara a aji.

Sai a hankali na fahimci me ya tara su a wurin. Doka ta farko cikin dokoki biyar da ɗan Buda yake ɗauka ita ce kar ya kashe mai rai. Sannan malaman nan duk safiya suna fita ba takalmi da ƙoƙonsu, mutane na zuba musu shinkafa da miya da kayan marmari don neman lada, abin da suke kira tam bun, su kuma basa cin abinci bayan rana ta take, saboda haka kullum akwai ragowa. Wuri ne da ba za a kashe ka ba kuma akwai ragowar abinci. To duk wanda karyarsa ta haihu ya rasa yadda zai yi, ko kwikwiyon da ya saya yana ɗan kyakkyawa ya girma ya fara cinye takalma, ko zai tashi ya koma gidan bene da ba a yarda da dabba ba, sai ya ɗauko cikin dare ya sauke a ƙofar wat ya ja motarsa. A ransa bai yi laifi ba, ai gidan masu tausayi ya kai shi.

Abin ya zauna musu har ya shiga karin magana. Suna cewa tat hang ploi wat, wato a yanke wutsiya a saki a wat, kuma ba ga dabba kaɗai ake faɗa ba, in uba ya gaji da ɗansa ya sallama shi ya ce babu ni babu kai to ya yanke masa wutsiya ya sake shi a wat kenan. Kuma in talaka futuk ya ɗora ido akan 'yar masu kuɗi sai su ce ma wat ne, karen wat, yake hangen furen sama. Randa wani ɗan ajinmu ya fassara min wannan na yi dariya har da riƙe ciki, nace ashe ko'ina akwai mu.

Yadda na shiga ciki kuwa ba shiri na yi ba. Da damina ne, na yi sallar asuba zan je gonar gwaji in ɗauki awo kafin rana ta fito, an kwana ana ruwa, na ce yau dai ba zan zagaya ba ko za su cinye ni. Daidai ƙofar wat ɗin akwai wata ƙatuwar bishiya da suke ɗaure wa ƙyallaye kala kala, a gindinta na ga kwali irin na taliyar nan ta 'yan makaranta, ƙasansa ya jiƙe ya yi laushi, kuma wani siririn kuka na fitowa daga ciki kaman na tsaka ko ɗan tsako. Na haska wayata. 'Ya'yan mage ne guda huɗu, idonsu ko gama buɗewa bai yi ba, cinnaku sun riga sun yi layi sun hau kan ɗaya. Amma abin da ya tsaya min a rai ba su bane, kwalin ne. Wanda ya ajiye su sai da ya zauna ya huda ramuka a jikinsa da wani abu kaman biro, a jere, don su sha iska. Ya shimfiɗa musu tsohuwar riga. Ya sa madara a murfin roba, madarar da ba za su iya sha da kansu ba ma. Ya liƙe saman da salatif yadda ruwa ba zai shiga sosai ba.

Nan take na tuna da kaina ina ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku. Magen gidanmu ta haihu a sito, kakarmu ta ce ba za a tara mata muzurai a gida ba, aka zuba su a buhun sukari aka ba ni, aka ce in kai su nesa yadda uwar ba za ta je ta kwaso su ba. Na hau keke na kai su bayan kasuwa wajen mahauta, kuma ina tuna sarai na zaɓi wurin ne don na ce a raina a nan za su samu nama, har bakin buhun na naɗe musu don su iya fita. Na dawo gida ina jin na yi abin kirki. 'Ya'yan da ko tafiya basu iya ba, wane nama. Laifi tudu ne, na zo ƙasar mutane ina ta mamakin rashin imaninsu alhali nima na taɓa huda nawa kwalin.

Ina tsugune a wurin ban san me zan yi ba sai ga wata mata akan babur mai akwati a gefe, dattijuwa ce gajera da hular kwano da ta fi kanta girma. Kowa Pa yake ce mata, wato kaman Goggo ko Inna a wurinmu. Soyayyar ayaba take sayarwa a bakin titi, kuma ita ce ashe take zuwa safe da yamma da tukunyar shinkafa da aka dafa da hantar kaza da kawuna tana raba wa karnukan. Ta leƙa kwalin ta yi wani dogon tsaki irin nasu, ta faɗi wata magana da ban gane ba amma na san ba addu'a bace. Ta nuna karnukan ta nuna kwalin ta ja yatsa a wuyanta. Na gane. In aka bar su nan ko hantsi ba za su kai ba. Sannan ta kalle ni ta nuna ni. Nace ni? Na fara haɗa 'yan kalmomin Tai ɗin da na iya, ɗalibi ne ni, ɗaki ɗaya ne, ba lokaci, ita ko ta riga ta ɗora min kwalin a hannu tana kakkaɓe cinnakun da bakin zaninta.

Ranar ban je gona ba, sufabaiza na ya ji haushi. Pa ta koya min komai da hannu da fassarar waya. Kar a basu madarar shanu, zawo take sa su, madarar akuya ake basu ta gwangwani, kuma a nan kusan duk shagon kayan dabbobi akwai ta. Da sirinji mara allura, a hankali, suna kife akan cikinsu ba a rigingine ba don kar ta bi ta hanyar iska, duk bayan awa biyu zuwa uku har cikin dare. Abin da ban taɓa sani ba a rayuwata shi ne ɗan mage a wannan lokacin baya iya fitsari ko kashi da kansa, uwar ce take lasar wurin, to kai ne za ka jiƙa auduga da ruwan ɗumi kana shafawa har ya yi. Ka hango ni, ƙato da gemu, ƙarfe uku na dare a zaune a ƙasa ina jiran ɗan mage ya yi fitsari ina cewa yauwa. Kuma sanyi ya fi yunwa saurin kashe su, sai na riƙa zuba ruwan zafi a gora in naɗe da tawul in sa musu. Duk da haka wanda cinnaku suka ci ya mutu a kwana na biyu, wani ya bi shi bayan sati. Biyu suka rayu, namiji fari da tabon toka da mace baƙa mai karyayyar wutsiya, wanda da farko na ɗauka wani ne ya taka ta, ashe haka magunan ƙasar da yawa suke, da lanƙwasa ake haifarsu. Na sa mata Lami, don ba cizo ba yakushi.

Daga nan ne na fara raka Pa rabon abinci, da farko daga nesa ina riƙe da bokiti kawai. A nan na ga abin da mai saukewa cikin dare baya tsayawa ya gani. Karnukan wat ba taron 'yan uwa bane, ƙungiya ƙungiya ne, na wajen ƙofa daban na wajen ƙona gawa daban, kowa da iyakarsa, kuma in aka jefo baƙo taruwa suke su yi masa ligi ligi. Wanda ya fi shan wuya shi ne karen gida, wanda ya saba da kwano da fanka. Akwai wani ɗan ƙarami mai gashi buzu buzu da aka sauke da abin wuyansa shuɗi har da 'yar ƙararrawa, kwana uku yana zaune a bakin ƙofa baya ci, duk a-kori-kurar da ta wuce sai ya miƙe ya bi ta da gudu ya dawo. Kafin wata guda gashin ya cukurkuɗe ya zama dunƙule dunƙule, da muka samu muka kama shi muka buɗe kunnen, kaska ce cike a jere kaman an zuba wake. Ga ƙazuwa da take cinye musu gashi tas har fatar ta zama kaman ta giwa, ga wani ƙari da suke ɗauka wajen barbara yana zubar da jini, ga cututtukan da in suka shiga cikin kwikwiyoyi sai su share su a sati ɗaya. Ragowar abincin ma da ake taƙama da ita shinkafa ce da miya mai barkono da ƙashin kifi, kuma bata isa.

Babban malamin wat ɗin, wani tsoho da suke kira Luang Po, ya sa an kafa allo a ƙofa cewa a daina kawo dabbobi, har da kyamara. Ai akwai doka ma, tun 2014 Tailan ta yi dokar hana zaluntar dabbobi, wanda ya yar da dabbarsa ana iya cinsa tara har bat 40,000 na kuɗin ƙasar, wanda ya azabtar kuma har ɗaurin shekara biyu. To amma wa zai kama mutum ƙarfe ukun dare da hular kwano a kansa, sai dai su daina saukewa a ƙofa su koma saukewa ta bayan katanga. Tsohon ya taɓa ce wa Pa, ita kuma ta faɗa min tana dariyar takaici, wai kowa yana kawo masa kare amma bai taɓa ganin wanda ya haɗo da buhun abinci ba. Shi ba zai kore su ba, addininsa bai bashi dama ba, kuma mutane sun san haka, shi ya sa suke yi. Ni a ganina wannan ba tausayi bane, ɗora wa mai kunya kaya ne. Ka ƙi kashewa da hannunka amma ka kai shi inda yunwa da ƙazuwa za su yi maka aikin a wata shida.

Ranar da na fi koyon abu ita ce randa wasu likitocin dabbobi 'yan sa kai suka zo yin fiɗiya. Pa ta yi wata da watanni tana bin su kafin layi ya zo kanmu. A rumfar da ake zaman makoki suka jera tebura. Masu kamu suka fito da raga mai dogon mariƙi, waɗanda basa kamuwa kuma a hura musu allurar barci ta cikin bututu daga nesa sannan a bi su a hankali har inda za su faɗi, don wani in ya ji allurar sai ya ruga ya faɗa ruwa ko ya shige ƙarƙashin gini. Aikina ɗauko su ne da safar hannu in kai tebur, in an gama in kwaso in jera akan tabarma. Mazan a fiɗiye su, matan a cire musu mahaifa, a yi wa kowa allurar rigakafin haukan kare, a yi masa alama a kunne don kar a sake kama shi. Kafin la'asar tabarmar nan ta cika da karnuka a jere harshe a waje kaman an shanya su, Pa na bin su ɗaya bayan ɗaya da mafici tana kiran sunan kowa, don duk ta san su, wannan Dam wato baƙi wannan Deng wato ja.

Da na ga sun farfaɗo ana sakinsu a wurin da aka kamo su sai na ce wa wata likita to meye amfanin, na ɗauka tafiya za ku yi da su. Tace in kai su ina. Ta min bayanin da a matsayina na ɗalibin noma ya kamata in riga ta sani. In ka kwashe karnukan wuri ko ka sa musu guba, abincin da ya tara su yana nan, to wasu ne za su shigo daga waje, marasa rigakafi masu haihuwa, kafin shekara an koma gidan jiya. Amma in ka bar na wurin bayan ka tsayar da haihuwarsu, su ne za su tsare iyakarsu su hana baƙi, yawansu na raguwa a hankali da tsufa. Karya ɗaya tana iya haihuwa sau biyu a shekara, kowane ciki biyar shida ko fi. Kuma in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi to ciwon hauka baya samun hanyar yaɗuwa.

Wannan tsarin babbar ƙungiyar da ta yi suna da shi a ƙasar ita ce Soi Dog, soi ɗin yana nufin lungu, karen lungu kenan. A tsibirin Fuket aka kafa ta a 2003, wasu mata da miji 'yan Ingila John da Gill Dalley tare da wata 'yar Holan Margot Homburg. Ita Gill ɗin a 2004 ta shiga wata gona da ruwa ya cika don ta ɗauko karen da aka yi wa allurar barci, ƙwayar cuta ta shiga jininta, sai da aka yanke mata ƙafa biyu, kuma bata daɗe da wannan ba igiyar tsunami ta watan Disamba ta afka wa Fuket, matar nan ta ci gaba da aikin har ta rasu a 2017. Yanzu dabbobin da suka yi wa aikin sun haura miliyan ɗaya. Suna cikin waɗanda suka yaƙi safarar karnuka da a da ake lodawa a manyan motoci daga wajen Sakon Nakon a tsallaka kogin Mekong da su a bi ta Lawos zuwa Biyetnam don a ci.

Maganar addini kuwa dole ta taso. Abokina ɗan Pattani ne, can kudu inda Musulmi suka fi yawa, ya ganni da gashin kare a wando ya kusa suma. Su Shafi'iyya ne, a wurinsu kare najasa ce mai kauri, wanki bakwai ɗaya da ƙasa. Hankalina ya ɗan tashi na kira malaminmu na zaure a gida, yace kai baka riƙe karatunka ba, ai a mazhabar Malik duk mai rai tsarkakakke ne har da yawunsa, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umarni ne. Yace amma kar in ajiye shi a ɗaki haka kawai, tunda ba farauta nake ba ba kiwo ba ba gadin gona ba. Sannan shi da kansa ya tuna min hadisin mutumin da ya cire huffinsa ya ɗebo wa kare ruwa a rijiya Allah ya gafarta masa, da matar da ta shiga wuta saboda magen da ta ɗaure bata ciyar da ita ba kuma bata sake ta ba. Duk na san su tun ina Islamiyya, na haddace su ma, a shekarun da nake jifan kare ɗin. Har yau ina sa safar hannu, ina da wandon da na ware na zuwa wat, kuma in zan je ɗakin abokin nawa sai na canza kaya don kar in sa shi waswasi.

Nemo musu gida shi ne ɓangaren da mutane suka fi so su ji, kuma shi ne mafi ƙanƙanta. Tunda Pa bata iya waya sosai ba ni na zama mai ɗaukar hoto ina sawa a Facebook, wata 'yar ajinmu tana rubuta bayanin da Tai. Na gano kasuwa ce kawai kaman kowace. Fari mai gashi, ƙarami, kwana biyu an ɗauke. Ɗan mai ƙararrawar nan da aka aske shi aka yi masa magani mutum wajen takwas suka nema. Namijin magen nan nawa ma wata malamar makaranta ta karɓa tun bai cika wata uku ba. Amma baƙin kare babba mai gajeren gashi, irin wanda kowa ke gani a kwance a ƙofar shagunan 7-Eleven yana shan sanyin da ke fitowa in ƙofa ta buɗe, wannan sai ka sa hotonsa sau goma ba ko tambaya. Sarkinsu marigayi Bhumibol ya taɓa ɗaukar 'yar kwikwiyar titi a 1998, sunanta Tongdaeng, har littafi ya rubuta akanta a 2002 yana yabon biyayyarta, kuma in kana hira da mutane kowa zai kawo maka labarinta da alfahari, sannan ya je kasuwa ya sayi ɗan kare na waje.

Kuma Pa bata bayarwa haka kawai, tambayoyi take kaman za ta aurar da 'ya. Gidan naka ne ko haya, akwai katanga, wa zai kula da shi in ka yi tafiya, matarka ta yarda, za ka turo hoto duk wata. Da farko na ga kaman tsanani ne, mutum ya zo taimako ana masa tambayar 'yan sanda, sai da wani da muka ba kwikwiyo biyu, da fara'arsa da komai, bayan wata huɗu muka tsinci ɗaya daga ciki a wani wat ɗin can gaba, da alamarsa a kunne. Ya ji kunyar dawo mana da shi sai ya canza wat.

Wasu ƙungiyoyin har ƙasar waje suke turawa. A sa wa kare 'yar na'ura kaman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, a yi rigakafi, a ɗebi jini a gwada, in Turai ne a jira wata uku, sannan a nemi matafiyin da zai yarda a haɗa kejin da kayansa. Na taɓa raka wata karya mai ƙafa uku filin jirgi za ta Jamus, ina tsaye ina kallon takardunta a cikin fayil fes fes, na tuna wahalar da na sha kafin in samu bizar taro na kwana biyar ban ma samu ba. Nace Allah mai iko. Da na sa hoton a status wani abokina daga gida ya rubuto min wai mutane na kwana da yunwa a Arewa kai kana can kana yi wa kare rakiya. Ban ji haushi ba don nima abin yana min yawo a kai, kuɗin jirgin karyar nan zai ciyar da gida guda na wani lokaci, kuma da a hannuna yake fiɗiya zan sa a yi da shi ba tikiti ba. Abin da na iya ce masa kawai shi ne ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 duk shekara a duniya, kusan duka a Afirka da Asiya, da yawansu yara ne, kuma in alamu suka bayyana ba magani, shi ma ya san yaron da aka rasa a haka a unguwarsu. Bai ba ni amsa ba, ya turo min hoton dariya.

Yanzu saura wata huɗu in kare karatuna in tattara. Lami ta zama ƙatuwa, tana kwana akan sallayata in na manta ban naɗe ba, an cire mata mahaifa tuni, kuma baƙa ce, na sa hotonta sau uku ba wanda ya ce uffan. Pa nada wajen goma sha a gidanta ba zan ƙara mata ba. Ba zan ɓoye muku ba, akwai daren da na kwanta ina lissafin kuɗin kaya da na tikiti, sai na ji wata murya a raina tana cewa ai wat ɗin yana nan bayan ɗaki, ai ta san wurin, ai Pa na zuwa kullum, ai ba za ta rasa abinci ba. Sak maganar da na yi wa kaina a bayan kasuwa. Na tashi na kunna fitila na ganta a ƙarƙashin gado cikin kwalin nan, don ban yar da shi ba, na shanya shi ya bushe tun lokacin, ta fi son shi akan duk wani abu da na saya mata, yanzu ko rabin jikinta baya ɗauka sai wutsiyar ta leƙo waje.

Washegari na je na tambayo yadda ake fitar da mage daga ƙasar, takardar lafiya da ta rigakafi da izinin shiga da ita can gida da kejin da jirgi zai karɓa, lissafin ya kusa sa ni zama a ƙasa. Da daddare na kira Hajiya ina ta kewaye kewaye kafin in faɗa mata, na shirya jin faɗa. Ta yi shiru, sannan tace baƙa ce ko? Nace eh. Tace to mutanen layi za su yi magana, amma ɓeraye sun gama da buhun masarar da ke sito, in tana kamu ka taho da ita, in kuma irin ta 'yan gayu ce mai cin na gwangwani to ka san da bakin da za ka yi wa Alhaji bayani.